Jan jemage a gindin farfela: nazarin wata tashar lantarki ta iska a Pennsylvania

Wurin da abin ya faru

Tashar tana kan tsaunukan Appalachia, a gundumar Somerset da ke kudu maso yammacin jihar Pennsylvania ta Amurka. Injinan iska 23 gare ta, kowanne mai ƙarfin megawat 1.5, wato megawat 34.5 gaba ɗaya. Tsawon hasumiyar kowane inji mita 80 ne, farfelarsa mai hannu uku kuma tana share da'ira mai faɗin mita 77. Wanda ya taɓa ganin injinan Lambar Rimi a Katsina ya san fasalinsu, sai dai kowane ɗaya a nan ya ninka na can sama da sau biyar wajen ƙarfi. Guda 15 suna jere a doron tsauni mai daji, 8 kuma a wani doron da aka taɓa haƙar kwal, daga baya aka mayar da shi filin ciyawa.

Tun ba a kafa hasumiyar farko ba, masu tashar da hukumar kula da namun daji ta jihar sun san abin da ke jiransu. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Oktoba ana ta tsintar matattun jemagu a gindin injinan iska na wannan yanki. A faɗin Amurka da Kanada, kusan kashi uku cikin huɗu na jemagun da farfela ke kashewa daga nau'i uku suke, dukkansu masu kwana a bishiya kuma masu ƙaura: jan jemage, da babban ɗan'uwansa mai furfurar gashi, da wani baƙi mai ratsin azurfa a gadon baya. Jan jemage shi kaɗai yakan kai ɗaya cikin biyar ko ma fiye.

Dabbar da hanyar da take bi a shekara

Jan jemagen gabas, wanda masana ke kira Lasiurus borealis, ba irin manyan jemagun nan ba ne masu cin 'ya'yan itace, da ke cika bishiyoyin gari dubbai. Ɗan ƙarami ne, nauyinsa giram 7 zuwa 13, in ya buɗe fukafukai kuma bai wuce santimita 30 da 'yan kai ba. Namijin ja ne kamar jan bulo, macen ta fi shi dusashewa, da ɗan fari-fari a bakin gashinta, kuma duka biyun suna da farin tabo a kafaɗa. Ƙwari yake ci, musamman malam-buɗe-littafin dare. Ba ya kwana a kogo, ba ya shiga rufin ɗaki, ba ya zaman taro. Shi kaɗai yake rataye a cikin ganye, sau da yawa da ƙafa ɗaya, ya naɗe jikinsa da fatar wutsiyarsa mai gashi, sai ka rantse busasshen ganye ne. Shi ya sa ba wanda zai iya zuwa wuri guda ya ƙirga su, kamar yadda ake yi wa jemagun kogo.

Ƙasarsa ita ce duk abin da ke gabas da tsaunukan Rocky, daga kudancin Kanada har arewa maso gabashin Meziko. Amma ba a samunsa ko'ina a kowane wata. A 2003 masanin jemagu Paul Cryan ya tattara bayanan jemagun da ke ajiye a gidajen adana kayan tarihi, ya jera su wata-wata a kan taswira, sai hanyar ta fito fili.

Daga Disamba zuwa Fabrairu suna jihohin kudu maso gabas da bakin teku, kodayake wasu, mafi yawa maza, sukan tsaya can sama wajen Missouri da kwarin Kogin Ohio. In sanyi ya kai na ƙanƙara, sukan sauko daga bishiya su shige ƙarƙashin busassun ganyayen da suka zubo, su yi dogon barci. Masu ƙona daji da gangan a Arkansas da Missouri sun sha ganinsu suna tashi daga ƙasa a gaban wuta. In aka samu yammaci mai ɗumi a tsakiyar hunturu kuma, sukan fito farauta tun rana ba ta faɗi ba.

A Afrilu da Mayu suna bazuwa arewa da yamma. Mata suna haihuwa daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli. Yawancin jemagu ɗa ɗaya suke haifa a shekara, amma wannan tana da nonuwa huɗu, takan haifi biyu zuwa huɗu. Kafin Yuli ya ƙare 'ya'yan sun fara tashi da kansu.

Daga nan zuwa Oktoba abu uku ke haɗuwa: sabbin 'ya'ya sun cika sama, ƙaurar komawa kudu ta fara, barbara kuma ta kama, wadda sukan soma tun suna cikin iska. A watannin nan ne ake ganinsu inda ba a saba ba. An tsinci gawarwakinsu a gindin dogon ginin Empire State na New York da gindin hasumiyoyin talabijin. Sukan sauka a tsibirin Bermuda, sukan faɗa kan jiragen ruwa a Tekun Atilantika. A Satumban 2012 kyamarorin jirgin sama sun ɗauki jajayen jemagu da rana tsaka, kilomita 17 zuwa 42 daga gaɓar New Jersey da Delaware da Virginia, mafi yawansu sama da mita 100 daga ruwa.

2003 zuwa 2004: labari daga maƙwabta

A 2003 aka fara gane girman abin, a wata tasha mai injina 44 a tsaunin Backbone na West Virginia, kudu da wurin da muke magana. An tsinci jemagu 475 daga Afrilu zuwa Nuwamba, aka kuma ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu a zahiri sun kai wajen 2,000. Jan jemage ne kan gaba, kusan kashi 42 cikin 100. A shekarar ne aka kafa wani ƙawancen bincike tsakanin ƙungiyar Bat Conservation International, da hukumar kifi da namun daji ta tarayya, da ƙungiyar kamfanonin lantarkin iska, da cibiyar binciken makamashi ta gwamnati.

A 2004 aka koma can da bincike na kullum har makonni shida, daga farkon Agusta zuwa tsakiyar Satumba, aka haɗa da wata tasha mai injina 20 a cikin gundumar Somerset ɗin kanta. An tsinci 398 a ta farko, 262 a ta biyu. Abubuwa uku suka fito. Ranakun da aka fi samun mushe a tasha ɗaya su ne aka fi samu a ɗayar, alamar cewa yanayin dare ne ke jan abin a duk yankin. Mafi yawan mutuwar a daren da iska ba ta da ƙarfi ne, ƙasa da mita 6 a sakan. Sannan inji ɗaya cikin 44 ɗin nan ya lalace, ya tsaya cak tsawon binciken, kuma ko jemage ɗaya ba a samu a gindinsa ba. Kyamarori masu ganin zafin jiki sun nuna jemagun suna kusantar farfela da kansu, suna kewaya ta, suna bin hannuwanta in tana juyawa a hankali.

Masu binciken sun so su gwada tsayar da injina a daren da iska ta yi laushi, amma ba a ba su dama a waɗannan tashoshi biyu ba.

2005 zuwa 2007: sauraro kafin gini

Dabarar farko a tashar da muke nazari ita ce a auna zirga-zirgar jemagu tun ba a gina komai ba. Jemage yana fitar da siririyar ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji, ya saurari amsa-kuwwarta, da haka yake gane hanya da abinci. Daga Agustan 2005 aka ɗaure na'urorin ɗaukar wannan ƙara a kan turakun auna iska, a tsayin mita 1.5 da 22 da 44. Fatan shi ne a gane inda haɗari ya fi yawa, a kauce masa wajen dasa injina.

An sami bayani mai amfani game da lokaci: zirga-zirga ta fi yawa daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, tana ƙaruwa da ɗumin dare, tana raguwa in iska ta yi ƙarfi. Amma na'ura tana ƙirga wucewa ne, ba ta ƙirga dabba. Jemage ɗaya da ya kewaya sau 50 da jemagu 50 da suka wuce sau ɗaya duk ɗaya ne a wurinta. Makirufo a mita 44 kuma gindin da'irar farfela kawai yake ji, alhali saman da'irar ya kusa mita 120. Da aka haɗa alƙaluman tashoshi da dama daga baya, sai aka ga yawan ƙarar da aka ɗauka kafin gini ba ya faɗin yawan mutuwar da za a gani bayan gini.

A 2007 hukumar namun daji ta Pennsylvania ta ƙulla yarjejeniyar sa-kai da kamfanonin iska, wadda ta tanadi a riƙa neman mushe a kuma kai rahoto bayan an fara aiki.

2008: fara aiki, da yadda ake ƙirga mushe

Da injinan suka fara juyawa aka ware guda 10 ana duba gindinsu kullum daga Afrilu zuwa Nuwamba. Mushen ya bi kalandar da aka riga aka gani: kaɗan a watannin farko, sannan ya yi tsalle daga ƙarshen Yuli, kuma nau'ukan nan uku masu ƙaura su ne suka fi yawa.

Duk abin da ya biyo baya ya dogara ne a kan ƙirgar, don haka ga yadda ake yin ta. Da fitowar rana mai nema zai shiga fili mai tsawon kusan mita 120 da faɗi kamar haka, hasumiya a tsakiya. An ja layuka mita 6 tsakani, yana tafe a hankali yana duba mita 3 dama, mita 3 hagu. In ya tsinci jemage zai rubuta nau'i, jinsi, babba ne ko ɗan bana, nisansa da hasumiya, da irin raunin. Zai kuma duba ko na daren jiya ne: idanu a cike da danshi, fata da laushi, babu tsutsa.

Abin da aka tsinta kullum ya gaza abin da ya mutu. Hankaki da yanyawa da sauran masu cin mushe sukan riga mutum zuwa, ido kuma yakan tsallake, balle jan jemage a cikin busasshen ganye. Saboda haka ake ajiye matattun jemagu masu alama a ɓoye, a ga nawa mai nema zai gano, wasu kuma a bar su a ga kwana nawa za su yi kafin a ɗauke. Da waɗannan ake gyara lissafi. Girman giɓin ya fito a gwajin 2004: a tashar nan mai injina 20 ta gundumar Somerset mutane sun gano kashi 14 cikin 100 na abin da aka ajiye, karnuka masu horo suka gano kashi 81.

An zargi jajayen fitilun gargaɗin jiragen sama da ke saman wasu injinan, cewa su ke tara ƙwari, ƙwari su jawo jemagu. Kwatanta injina masu fitila da marasa fitila a yankin bai nuna bambanci ba. Wani dogon bincike a Texas ma ya sami jan jemage ya fi mutuwa a gindin marasa fitila. Ta nan dai ba a sami mafita ba.

27 ga Yuli zuwa 9 ga Oktoba 2008: gwajin ɗaga matakin farawa

Kowane injin iska yana da matakin farawa, wato ƙarfin iskar da in ta kai zai soma ba da wuta. A waɗannan injina mita 3.5 ne a sakan. Ko a iska mai laushi haka, bakin hannun farfela yana gudun da ya haura kilomita 150 a awa, saboda tsawonsa.

Tawagar da Edward Arnett ya jagoranta ta ɗauki injina 12 daga cikin 23. Kowane dare ana raba su kashi uku, huɗu-huɗu: kashin farko a bar shi yadda kamfanin ƙera shi ya saita, na biyu kada ya fara sai iska ta kai mita 5.0, na uku sai ta kai 6.5. Ana yin rabon ne da ƙuri'a, ana kuma juya shi, ta yadda a cikin darare 75 kowane inji ya sami kowane saiti sau 25. Wannan juyi ya toshe wata kafa babba: da an bar saiti ɗaya a inji ɗaya, ba za a san ko saitin ne ya rage mutuwa ko kuwa dama wurin injin ba hanyar jemagu ba ne. Da dare kawai ake taɓa injinan. Ƙasa da matakin da aka sa, ana karkata hannuwan farfela su ba iska gefe, sai ta tsaya ko ta riƙa juyawa da ƙyar. Mushen daren jiya kaɗai ake sa wa lissafi, tunda shi ne za a iya danganta shi da saitin daren.

An tsinci sabon mushe 32. Sama da 20 a gindin injinan da aka bari yadda suke, 3 kacal a gindin masu matakin 5.0. Bayan lissafi, injin da ba a taɓa ba ya kashe ninki 5.4 na wanda aka ɗaga wa mataki, wato raguwar kashi 82 cikin 100, tare da tazarar rashin tabbas daga 52 zuwa 93. Wannan ne gwaji irinsa na farko a Amurka.

26 ga Yuli zuwa 8 ga Oktoba 2009: maimaici

An sake gwajin a kan tsari ɗaya. Sabon mushe 39: guda 25 a injinan da ba a taɓa ba, 8 a matakin 5.0, 6 a matakin 6.5. Ninkin ya sauko zuwa 3.6, raguwa kashi 72, tazara daga 44 zuwa 86. A shekarun biyu ba a iya raba 5.0 da 6.5 a lissafi ba, domin lokacin da iskar dare ta tsaya tsakanin matakan biyu kaɗan ne, a sauran lokaci kuwa kashi biyun abu ɗaya suke yi.

An lissafa asarar wuta a kan cewa duka injina 23 aka yi wa haka tsawon darare 75. A matakin 5.0 asarar kashi 0.3 cikin 100 ce ta wutar shekara, a 6.5 kuma kusan kashi 1. An buga sakamakon a 2011.

2009 zuwa 2010: na'urar kora

Kamfanoni sun fi son hanyar da ba za ta tsayar da inji ba, don haka a lokaci guda aka gwada wata dabara a wata tasha a gabashin Pennsylvania. An ɗaura lasifikoki takwas-takwas a kan injina 10, suna watsa ƙara mai kilohaz (ma'aunin sirantar ƙara) 20 zuwa 100 don su rikita jin jemage ya kauce, aka kwatanta su da injina 15 da ba a sa wa komai ba. A 2009 an ga raguwar kashi 21 zuwa 51. A 2010, da aka cire bambancin da dama ke tsakanin rukunin biyu, sakamakon ya faɗa tsakanin ƙaruwar kashi 2 da raguwar kashi 64. Ruwa da zafi sun riƙa lalata na'urorin.

Akwai kuma iyakar da iska kanta ta sa. Siririyar ƙara tana mutuwa da wuri a cikin iska, kuma mafi siranta ta fi saurin mutuwa. Jemage mai furfura yana kira da ƙara mai kauri, wajen kilohaz 20 zuwa 30, jan jemage kuwa wajen 35 zuwa 50. Ƙarar da za ta dame shi takan ƙare kafin ta kai bakin hannun farfela, inda gudu ya fi tsanani. Gwaje-gwajen baya a wasu jihohi sun rage mutuwar mai furfura sosai, amma a kan jan jemage sakamakon bai tsaya ba, a wani gwajin ma mutuwarsa ƙaruwa ta yi.

Bayan 2010

A wata babbar tasha a Indiana, inda jan jemage ya fi kowane nau'i yawa a cikin mushe, gwajin 2010 ya ba da raguwar kusan kashi 50 a matakin 5.0, da kashi 78 a 6.5. A can bambancin matakan biyu ya fito sarai. An kuma gano cewa injina da yawa suna juyawa a banza ƙasa da matakin farawa, ba sa ba da wuta amma suna kisa. A 2015 manyan kamfanonin iska na Amurka suka amince, bisa sa-kai, su riƙa karkata hannuwan farfela ƙasa da matakin farawa a lokacin ƙaurar kaka. A Wisconsin an haɗa na'urar sauraro da na'urar sarrafa inji, ba a tsayar da farfela sai an ji jemage kuma iska ba ta da ƙarfi, aka sami raguwar sama da kashi 80.

Wani bincike a tsakiyar Appalachia, da ya auna sinadarin haidirojin a gashin jemagun da suka mutu don gane inda suka yi bazara, ya nuna fiye da rabin jajayen baƙi ne daga nesa. A 2023 kwamitin Kanada mai tantance halin namun daji ya sa nau'ukan uku a sahun waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa a ƙasar.

Hukunci

Abin da ya yi aiki a wannan tasha ya yi aiki ne saboda lokacin jemage da lokacin kuɗi ba su cika haɗuwa ba. Dabba mai giram 10 da ƙwarin da take bi sun fi tashi a dare mai ɗumi da iska mai laushi. Ƙarfin da ke cikin iska kuwa yana ninkuwa sau takwas duk lokacin da saurinta ya ninka biyu: iskar mita 10 a sakan tana ɗauke da ninki takwas na iskar mita 5. Awannin da aka sadaukar su ne mafi arha a shekara, a watannin da dama iskar yankin ta fi rauni, kuma su ne mafi kisa. Sauraro kafin gini ya gaza a matsayin ma'aunin haɗari, amma shi da taswirar ƙaura ne suka nuna makonnin da ya kamata a taɓa. Na'urar kora ba ta cancanci a ɗora mata nauyin ita kaɗai ba a duk inda jan jemage ya fi yawa.

Gwajin yana da iyaka da ya wajaba a faɗa. Mushe 71 a shekara biyu bai isa a ware jan jemage a ce ga nasa kason ba, alƙaluman na dukkan jemagu ne a haɗe. Kuma raguwar kashi 72 na nufin sauran kashi 28 suna ci gaba da mutuwa a kowane inji, yayin da injinan ke ƙaruwa, farfelarsu na ƙara faɗi. Alƙawarin 2015 bai kai abin da aka gwada a nan ba, tunda bai ɗaga matakin farawa ba. Abin da hujja ta goyi baya ga tasha a kan hanyar ƙaura shi ne matakin mita 5.0 a matsayin mafi ƙanƙanta, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Oktoba, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, da hannuwa a karkace ƙasa da haka, a ƙara sama in ƙirgar mushe ta nuna bai wadatar ba. Ana iya sassautawa in sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 10, domin tashin jemagu yana raguwa sosai.

Inda wannan hanya ba ta da amsa tukuna shi ne teku. A 2020 aka kafa injina biyu kilomita 43 daga gaɓar Virginia, kusan daidai nisan da aka ɗauki hoton jajayen jemagu a 2012, kuma an ci gaba da gina wasu a gaɓar Atilantika. A can babu filin da za a ja wa layuka a taka da safe, abin da ya faɗi ruwa ya tafi. Dole a dogara da kyamarar zafin jiki da na'urar sauraro a kan injin kansa, a kuma sa matakin farawa na watan Agusta zuwa Oktoba tun daga takardar izinin gini, ba sai an jira mushen da ba za a taɓa tsinta ba.